Injin Beljiyam Mai Sa Atishawa

Kawu Shafi'i, sallama irin ta addinin Musulunci. Don girman Allah ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da na riga na gama shiryawa, domin yadda zuciyata take tafasa ba na jin akwai mai sauke ta a unguwarmu. Amma kafin in kai ga kukana bari in fara da yabo, kada a ce matan Agege ba su san alheri ba.

Ina da wan miji, Yaya Shamsuddeen, bakanike ne, kuma Allah ya yi masa baiwar da ban taɓa gani a wajen kowa ba. Sauran kanikawa sai sun jira jirgi ya sauke kwantena kafin su samo maka inji ɗan Beljiyam. Shi Yaya Shamsu tasa Beljiyam ɗin tana bayan garejinsa, tsakanin kwata da rumfar mai faci. Jirgin ruwansa gwangwanin fenti ne, kwastan ɗinsa bokitin kananzir da omo. Inji ya shiga wajensa yana ɗan Agege, ya fito yana Bature. Ga fara'a, ga sahun gaba a masallaci, ga zumunci. Zumuncinsa ya kai ba ya yarda ya cuci bare alhali ga ɗan'uwa a kusa.

Ni 'yar kasuwa ce. A nan Agege aka haife ni, na gama sakandare, sannan na gaji rumfar mahaifiyata ta busasshen barkono da tattasai da citta. Yarbanci a bakina kamar Hausa yake, kuma ban san ranar da wata Iya ta kasuwa ta taɓa yi mini wayo a ciniki ba. Ina ɗaga buhu zan san an yayyafa wa barkonon ruwa don ya yi nauyi. Ina zura hannu zan san an sa na bara a ƙasa, na bana a sama. Ba don alfahari na faɗi wannan ba, sai don ka auna girman abin kunyar da ya same ni.

Shekarun baya na kwashi adashi, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi tsohuwar danfo, irin mai inji a baya, a ƙarƙashin inda ake ɗora kaya. Na sa aka cire kujerun. Ita ke ɗauko mini kaya daga Mile 12, ita ke raba wa masu buka na Ikeja niƙaƙƙen barkono kafin su ɗora tukunya. Direbana Harouna ne, mutumin Maraɗi, ba shi da yawan magana, kuma ya fi ni jin tausayin motar. Wannan danfo ita ce ƙafata. In ta tsaya, masu bukan nan ba sa jiran kowa, washegari za ki tarar wata ta zauna a gurbinki tana kiran su da sunayen 'ya'yansu.

To bana bayan ƙaramar Sallah sai motar ta fara hayaƙi, shuɗi, mai kauri, har 'yan okadan da ke bayanmu suna wuce mu suna zagi. Baƙin mai kuwa sha take kamar ba gobe. In za mu hau gada sai in ji kamar in sauka in taya ta.

Shawara biyu aka ba ni. Ta farko daga Davou, wani ɗan Filato mai gareji wajen Oko-Oba, wanda yake duba mana birki. Ya ce gangar injin lafiyarta ƙalau, kayan ciki ne suka gaji. A sauke shi, a buɗe, a kai karanshaf a goge, a sayi ringi da metal da gasket sababbi, ni da kaina in bi shi kasuwa in ga abin da aka saya, in zauna a gabansa a ɗaura. Maganar ta shige ni. Matsalar Davou guda ce, ba ya sauri. In ya ce maka jibi, sai ka tambaye shi jibin wane wata. Ni kuwa ga kwastomomi a wuyana.

Ban san wanda ya kai wa Yaya Shamsu labari ba. Sai ga shi a gidanmu cikin babbar riga, ya zauna a kujerar baƙi, ya sha zoɓona har da ƙari. Wai shi yana raye za a kai motar gida wajen bare? Wai ɗinkin tsohon inji aikin wanda bai san darajar lokacinsa ba ne. Wai duk injin da aka buɗe a Legas ya zama majinyaci har ƙarshen rayuwarsa. Wai akwai wani da ya shigo ta Kwatano, an riga an sabunta cikinsa tun can, wata tsohuwar Baturiya ce take amfani da shi, daga coci sai kanti. Kawu, ban san yawan tsofaffin matan Turawan nan ba, amma duk abin da ke yawo a titin Legas nasu ne. Ban ma tsaya na tambayi abin da tsohuwa take yi da danfo ba. Tsohon injin nawa kuma wai in bar masa, zai sayar wa 'yan gwangwan a kilo ya rage mini wani abu a kuɗin sabon.

Ga inda na yi wautar. Kowa ya san yadda ake sayen inji a garin nan. Ka tafi da bakanikenka, a ajiye injin a ƙasa a kan taya, a haɗa batir a tada shi a gabanka, ka ji kukansa, ka ga hayaƙinsa, a zaro ma'aunin mai ka murza a yatsa, sannan ka yi masa alama da fenti don kada a musanya maka kafin a ɗaura. Harouna ya tuna mini. Ni ma na sani. Amma fa wan miji ne. Ta yaya zan tsaya a garejinsa a gaban mutane in ce ya tada mini in gani? Ta yaya zan jawo Davou ya duba aikin mutumin da in ya shigo gida nake durƙusawa in gaishe shi? Ni da nake zazzage buhun mutum har ƙasa a bakin titi kafin in biya, ni ce na miƙa kuɗin inji a cikin leda, da hannu biyu, ina godiya.

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, ya fi Davou sauri. Kafin in ankara an ɗaura. Baƙin fenti yana ƙyalli, an zana masa wasu lambobi da rawayan alli irin na kayan kwantena, kukansa a hankali, hayaƙi babu. Na ce to Bature ya zo gidanmu, kada barkonona ya ɓata masa rai. Na sa aka liƙe murfin injin da roba, aka shimfiɗa tamfol a kai, ko ƙwayar gari ba za ta sauka ba. Har yajin daddawa na daka na aika wa matar Yaya tukuici.

Wata bai zagayo ba. Ranar muna dawowa daga Ikeja, mun sauke kaya, motar wayam, muka shiga cunkoso rana ta take. Inji ya ɗau zafi. Sai Harouna ya yi atishawa. Sai ni ma na yi. Sai wani ƙauri ya taso daga baya, ƙaurin da na sani tun ina goye a bayan uwata, na barkono a kan wuta. Wata mai tallan ruwan leda da ta leƙo ta taga ta koma da baya tana tari tana tsine mana da Yarbanci.

Muka gangara gefe, Harouna ya yaye tamfol ya ɗaga murfi. Fentin ya kumbura da zafi yana ɓarewa. Ya sa sukudireba ya kankare wani lungu, sai ga dunƙulen garin barkono ya cakuɗe da baƙin mai, har da 'ya'yansa, a ƙarƙashin fentin. A ƙarƙashi fa, Kawu, ba a sama ba. Sai dai in tsohuwar Baturiyar nan ita ma a Mile 12 take sari.

Harouna ya matsa wajen kunnen injin, inda ake ɗaure shi da jikin mota, ya ci gaba da kankara. Da can mun taɓa faɗawa rami a Mile 2 wannan kunnen ya tsage, wani mai walda na bakin titi ya liƙe shi da tagulla, waldar ta fito da ƙulu kamar ƙwayar gyaɗa. Ina tsaye aka yi ta. To ga ta nan tana kallona. Injina ne. An yi masa wanka na sama-sama, an shafa masa fenti, an ɗura masa man giya mai kauri don ya toshe masa baki, aka dawo mini da shi aka karɓi kuɗin baƙo. Da muka biya ta wajen Davou ya leƙa, ya ce ko noti ɗaya na ciki ba a kwance ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce in kawo masa jibi.

Na sayi kayana da kuɗina. Kuma ka tuna har ragi aka yi mini, wai na tsohon da aka sayar wa 'yan gwangwan. Wannan ragin ne ya fi ci mini rai, don a kansa na fi yin godiya.

Maigidana gadi yake yi a wani kamfani a Ikeja, mutum ne mai sanyi. Da na faɗa masa sai ya ce wai Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kawo shi Legas, wai wataƙila shi ma cutarsa aka yi, in bar wa Allah. Na ce masa ta lahira na bar wa Allah, amma ta duniya ina da ɗan abin da zan ce.

Yanzu hayaƙin ya dawo, motar ta fi kwana a gida a kan ta fita. Christy, 'yar Kafanchan, wadda bukarta ta fi kowacce sayen kayana, ta kira ni ta ce Hajiya ba faɗa ba ne, amma miya ba ta jiran bakanike. Ta koma wajen wata. Sauran ma idonsu yana hanya.

Shi kuwa Yaya ban ce masa uffan ba. Har yau in ya shigo ina durƙusawa. Yakan tambaye ni ya Bature, in ce masa Bature yana gaishe shi.

Ga shirina. Ɗansa Kyauta zai yi aure ƙarshen watan gobe, yarinyar sunanta Halima Sa'adiya, iyayenta a Ojo suke, can za a ɗaura. Ranar da dangi suka taru ana rabon hidimar biki, ga gwaggwanni ga kawunnai, na gyara mayafina na ce ni gudummawata mota ce. Zan sa a mayar da kujeru, danfona mai sabon injin da Yaya ya zaɓo mini da hannunsa ita za ta kai manya wajen ɗaurin aure, da liman, da abokan Yaya na sahun gaba, da goro da alawa, shi kuma Yaya ya zauna a gaba don albarka. Kowa ya ce madalla da wannan suruka. Na saci kallonsa. Me zai ce? Ya ce injin ba zai kai Ojo ba? Wane injin, Bature? Ya ce Allah ya yi albarka, da murya irin ta wanda ƙayar kifi ta tsaya wa a wuya. Tun ranar yake aiko mini wai in kawo motar ya duba ta kyauta, ni kuma ina aika masa cewa lafiyarta ƙalau, kada ya wahalar da kansa.

Ana gobe ɗaurin aure Harouna zai tsiyaye mai kaurin nan, ya zuba tsinkakke, shi ma ba cikakke ba. Zan cire tamfol, in barbaɗa wa injin barkono ɗan munci, mai zafin, ba na sayarwa ba. Na san hanyar, na san cunkoson Mile 2 ranar Asabar, tsakanin tireloli da tankokin mai. Nan zai ɗau zafi, nan zai mutu. So nake a dawo a ba ni labarin dattawa suna atishawa cikin rawuna, Yaya ya tattare sabuwar shaddarsa yana turi, 'yan agbero, zauna-gari-banzan tasha, suna masa ihu, liman yana share hawaye yana tambayar wanda ya ɗaura wannan inji. Harouna ya ƙi da farko, ya ce shi za a fara mari, amma ina lallashinsa. Maigidana ma yana cikin motar, don shi zai karɓa wa Kyauta auren. Tunda shi ya ce a bar wa Allah, to ya ɗan shaƙa shi ma.

Za ka ce to me ya sa na rubuto tunda na gama shiri. Abu na farko, jiya Kyauta ya kawo mini atamfar anko, ya durƙusa yana ce mini Anti, wai duk gudummawar da aka yi tawa ta fi faranta masa rai. Yaron nan a bayana ya yi wayo. Abin ya ɗan taɓa ni, amma da na tuna ragin 'yan gwangwan sai na warke. Na biyu, ko an yi biki ko ba a yi ba ni mota nake buƙata. In sake sayen wani ɗan Kwatano a hannun bare, ko in ba Davou nawa ya buɗe ya gina? Abin da ya rage a hannuna na hanya ɗaya ne, in na sake kuskure ni da masu bukan Ikeja sai dai gaisuwa.

Don Allah kada ka ce mini in yi haƙuri kawai. Wannan na ji shi a gida, kyauta.

Taka,
Mai Barkono, Agege

*

Mai Barkono, amin wa alaikumus salam. Ba zan ce ki yi haƙuri kawai ba. An cuce ki, kuma cutar ta fi ciwo domin da kunyarki aka yi ta. Kunyar da kika ji wa wan mijinki tarbiyya ce, ba wauta ba. Shi ne ya san ba za ki iya cewa a tada miki inji ba, ya kafa cinikinsa a kan haka. Kina da haƙƙi, kuma ina so ki karɓe shi. Sai dai shirin nan naki, in kika duba shi da idon da kike duba buhu, za ki ga na bara ne a ƙasa.

Injin wa za a kashe a Mile 2? Naki. Injin da ya gaji, aka rage masa mai, aka bar shi cikin cunkoso har ya buga, ba suma yake yi ba. Metal zai narke, karanshaf ya kama, wani lokaci ƙarfe ya fasa ganga ya leƙo waje. Gangar nan da Davou ya ce lafiyarta ƙalau ita ce dukiyar da ta rage miki, ita za ki ƙona don ki ji labarin atishawa. Bayan haka babu sauran zaɓi, sai saye.

Sannan za ki kashe shaidarki da hannunki. Yau abin da ke kare ki shi ne barkonon yana ƙarƙashin fenti. Ranar da kika barbaɗa wani a sama, Yaya ya samu bakin magana, zai ce duk daga wajenki yake. Kowane bakaniken bakin titi da ya zaro ma'aunin mai zai ga an tsiyaye. Kafin la'asar labari ya juya, an daina maganar mutumin da ya sayar wa matar ƙaninsa injinta, an koma maganar matar da ta ɓata ɗaurin aure. Ki kuma tuna waɗanda za ki tsayar a tsakanin tireloli. Dattawa ne, a cikinsu akwai mai hawan jini, akwai mai ciwon ƙirji, hayaƙin barkono a rufaffiyar mota ba wasa ba ne. Harouna baƙo ne a ƙasar nan, ya kuma faɗa miki gaskiya, shi za a fara mari, shi zai tsaya da masu janwe, masu janye matacciyar mota. Can Ojo kuma wanda za a yi ta kallon hanyarsa mijinki ne, wanda zai sunkuyar da kai a gaban surukai Kyauta ne. Yaya zai wanke shaddarsa, su kuwa abin zai bi su.

Yanzu maganar inji. Saye yana da ranarsa. Yana da sauri, kuma wanda gangarsa ta fashe ba shi da wata hanya. In aka dace da mai kyau yakan yi shekaru. Amma kalmar nan ta an sabunta cikinsa ba a ganinta daga waje, maganar mai kaya kike saye, ba ƙarfe ba. Duk wanda zai bi wannan hanya ya tafi da bakaniken da ba shi da rabo a cinikin, a tada injin yana sanyi, a bar shi ya yi zafi a gabansa, ya yi masa alama, a rubuta masa garanti da lambar injin, kuma tsohonsa ya koma gida tare da shi.

Gini ma ba aljanna ba ne. Yana cin lokaci, in an buɗe akan tarar da abin da ba a zata ba, kuma kasuwa cike take da jabun kaya a cikin kwali mai kyau. Komai ya rataya a hannun mai ɗaurawa da na mai gogar karanshaf. Amfaninsa shi ne kin san tarihin injinki tun daga ramin Mile 2, kuma duk abin da zai shiga cikinsa zai bi ta gaban idonki. A halinki, gini na zaɓar miki. Waldar kunnen nan da ta riƙe shekaru ba za ta hana komai ba.

Ki ajiye motar daga yau, kowace fita tana ƙara cin gangar. Kada a sayi ko noti ɗaya sai an buɗe an ga abin da ya lalace. Ki bi Davou kasuwa kamar yadda ya ce, tsofaffin kayan da aka cire a zuba miki su a buhu. Kuɗin aikinsa a ƙarshe, wannan ne maganin jibinsa, in kuma ya ƙi ji ki ɗauki kujera ki tare a garejin, ba na jin zai jure ki. Kafin nan ki yi hayar keke ko ƙaramar mota ki riƙe masu bukanki, ko da ribar ta ragu. Christy kuma ki je da ƙafarki, da mudun barkono mai kyau. Ta ce ba faɗa ba ne, ki riƙe ta a kan maganarta.

Saura Yaya. Kada a ƙara kankare fentin nan, a bar sauran yadda yake. Ki zaunar da maigidanki ki faɗa masa cewa ranar da za a buɗe injin kina so wansa ya zo a matsayin babban bakaniken gida, tare da dattijo guda na dangi wanda Yaya yake jin nauyinsa. In ya ƙi kai saƙon, ki gaya masa za ki je wajen dattijon da kanki. Ranar ki durƙusa ki gaishe shi kamar kullum, kada ki ce komai. Davou ya kankare a gabansu, a ga barkono, a ga tagulla, a buɗe a ga ringin da aka ce an sabunta a Turai. Daga nan magana ta dattijo ce, ko ya dawo da abin da ya karɓa, ko ya ɗauki nauyin kayan gini, kuma ke ce mai zaɓen kayan.

Ki bar masa ƙofar fita. In ya ce kuskure aka yi a gareji, ki ce Allah ya kiyaye gaba, ki karɓi haƙƙinki. Mutumin ya riƙe mijinki yana maraya, wataƙila kuma hidimar auren nan ce ta matse shi har ya kai hannu inda bai kamata ba. Wannan ba ya wanke shi, amma ya isa dalilin da za a yi abin a gareji ba a titi ba. Kuma yanzu ne lokacin, kafin biki. Mai shirin tara jama'a ba ya son ƙura, ga shi ya riga ya sa wa motar albarka a gaban dangi.

In Davou ya gama a kan lokaci, ki cika alkawarinki. Harouna ya ja su a hankali, sabon gini ba ya son gudu. Yaya yana zaune a gaba tun daga Agege har Ojo, inji yana tafiya sumul, kuma a hanya dole wani dattijo ya yaba ya tambayi wanda ya yi aikin. Ki bar Harouna ya amsa. In bai gama ba, ki yi musu hayar wata, ki san wanda zai biya.

Nan gaba ki bar kunya ta tsaya a wajen gaisuwa. In ciniki ya haɗa ki da wanda ba za ki iya zazzage buhunsa ba, ki tura wanda zai iya.

Allah ya huci zuciyarki, ya tada motarki, ya dawo miki da Christy, ya ba Kyauta da Halima Sa'adiya zaman lafiya. Ku kuma masu karatu da kuke dariya, injin da ke cikin motarku, wanda wani na gida ya samo muku da rahusa, kun taɓa sa farce kun kankare fentinsa?

Kawu Shafi'i